Pe'ar da Ban Ƙarasa Ba

Asabar, 5 ga Agusta, da hantsi

Sun tafi da Sanele. Manuele ne ya zo da a-kori-kurarsa, ko gaisuwa babu, ya ɗaga zanin yaron ya dubi cinyar hagu, ya juya ya ce wa Fuatino, "Yaya, ɗauko jakarki." A cikin gidana. Ɗan ƙanena, wanda na koya wa riƙon sandar bugu tun bai iya fyace hanci ba. Fuatino 'yata ce, Sanele ɗanta ne, jikana ke nan, amma ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Suka shimfiɗa shi a bayan mota don su cim ma jirgin ruwa na ƙarfe goma, wai sai babban asibiti a Apia, babban birninmu da ke ɗaya tsibirin.

Na gaya musu kumburin pe'a ne, jarfarmu ta maza. Duk namijin da aka buga wa jarfa daga kwankwaso har gwiwa sai ya kumbura, sai ya yi zazzaɓi, sai ya kira uwarsa. Shekara arba'in da shida ina wannan aiki. Ba wanda ya taɓa mutuwa a tabarmata.

Asabar, da yamma

Tabarmar tana nan a shimfiɗe. Ban naɗe ba, ai ba mu gama ba. Saura cinyar dama da gwiwa da cibiya.

Lahadi, 6 ga Agusta, bayan coci

Fasto ya saka sunan Sanele a addu'a. Ya ce an shiga da shi tiyata tun jiya. Daga bakin fasto na ji, a gaban jama'a, kamar baƙo. Matan da ke benci na gaba duk suka waiwayo da mahuci a hannu. Na zura wa bango ido.

Iakopo ya biyo ni gida da gwaza da kifi a kwando. Shi ne mai ja mini fata idan ina bugu, tun muna da haƙora. Yanzu nasa biyu suka rage. Ya ce, "Ci mana, Talatonu." Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ka ƙoshi, ko haɗiya ce ke gagararka har yau?" Na ce ya kula da bakinsa, nasa ma ba ƙofa. Ya cinye kifin duka ya tafi.

Maƙogwarona ba komai. Shayin ganyen lemo ya ishe shi.

Talata, 8 ga Agusta, da safe

Bari in rubuta wannan don wata rana a san gaskiya. Shekara shida da suka wuce Manuele ya dawo daga Auckland da tukunyar lantarki mai turara kaya, da allurai na ƙarfe a cikin leda, da safar hannu irin ta masu wanke masai. Ya ce, "Baffa, ga wannan, haka ake yi yanzu." Ni zai gaya wa yadda ake yi. Matazan da nake buga jarfa da su na ubana ne, hauren alade aka feƙe, aka ɗaura a ƙoƙon kunkuru. In ka dafa haure tsagewa yake yi, ɗaurin ya saki. Na ce masa haka. Ya ce to a ajiye su don tarihi. Na ɗauki safar hannun na jefa a teku yana kallo.

Tun daga ranar ba a ƙara kawo mini ko mutum ɗaya ba. Duk wurinsa suke zuwa, har masu tasowa daga Amurka. Suna wucewa ta ƙofar gidana suna ɗaga mini hannu daga cikin mota.

Sanele ne kaɗai ya zo. Shekararsa ashirin da huɗu, shi ke hawan kwakwar gidan nan duka. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya ce, "Tsoho, hannunka nake so." Uwarsa ta ce ya je wurin Manuele. Ya ce, "In Tsoho ya mutu ban ɗauki komai nasa ba fa? Gashi ba shi da gado sai rigima." Na buge masa ƙeya. Kwana uku ina gyaran kaya, har waƙa na yi.

Ban roƙe shi ba. A rubuta wannan. Shi ya zo.

Laraba, 9 ga Agusta, da yamma, a Apia

Na hau jirgin safe. Ba su bar ni na shiga ɗakin ba, ta gilashi na gan shi, robobi a hanci da hannu, an rufe ƙafar da wani abu kamar kejin kaji. Sau biyu ke nan suna yanke nama daga cinyar. Ƙodarsa ma wai ta gaji.

Likitar yarinya ce, Leitu sunanta, ba ta kai Fuatino ba. Ta zauna ƙasa da ni, ta gaishe ni da girmamawar da ake yi wa mai sana'a, ta san mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Sannan ta soma. Da me na buga? Yaya nake wankewa? Akwai mai ƙurji a gidan? Akwai mai ciwon maƙogwaro? Na ce babu.

Ta ce sun gano ƙwayar cutar. Wai ba wata baƙuwa ba ce, ita ce mai sa yara ciwon maƙogwaro da gyambo. Na ce yaya abin da ke kama yara zai kayar da ƙaton da ke ɗaukar buhun gwaza biyu? Ta jawo takarda ta zana mini. Ta ce, "Baba, a saman naman maƙogwaro da fatar kowa akwai wasu 'yan zarurruka na sukari, ba na shayi ba, jiki ne ke saƙa wa kansa, ido ba ya ganinsu. Ƙwayar nan tana da ƙugiyoyi daidai da su. In ta maƙale, yawu ba ya ture ta. Sannan tana yafa riga ta irin sukarin da ke cikin namanmu, sai masu gadin jiki su dube ta su ce ta gida ce, su wuce. A maƙogwaro tana iya ɗan yin ciwo ta lafa. Amma in ta sami ƙofa a fata ta nutsa ciki, nama take ci. Pe'a kuwa ƙofa dubu ce."

Na ce ubana ya buga wa mutum ɗari uku, bai taɓa jin labarin ƙugiya ba. Ta ce, "Ita ta ji nasa." Sai ta fito da tsinke mai auduga a kai ta ce in buɗe baki ta ɗan shafa. Na ce ni ba akuya ba ne da za a duba haƙorina a kasuwa. Na tashi.

Alhamis, 10 ga Agusta, da tsakar rana

Mako ɗaya yau.

Alhamis, da yamma

Fuatino ta same ni a benci a waje. Kwana biyar tana kwanciya a kan kwali, ta rame. Ta ba ni burodi ta ce, "Baba, ka san abin da ya gaya wa likita kafin su sa shi barci? Wai ranar Alhamis kai ka ce a huta, shi ya nace sai an buga. Wai ka ce jikinsa da zafi, ya ce ba komai." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wannan taurin kai, ban san inda ya gado shi ba."

Na kai loma baki. Burodin ya ƙi wucewa.

Waccan Alhamis ɗin tana kasuwar Salelologa. Ba ta nan.

Asabar, 12 ga Agusta, da hantsi, a gida

Na dawo don aladu da kaji. Manuele ya zo da abinci a langa. Ya tsaya a waje sai da na ce ya shigo, yau ya tuna tarbiyya. Ya ce likita na son ganin matazan. Na ce ba su nan. Ya dubi rufin ɗaki inda ya san ina ratayewa, ya dube ni. Ya ce, "Baffa, ba sana'arka nake son kashewa ba. Duk abin da na iya, a hannunka na gani." Na ce to ka iya sata. Ya ajiye langar ya fita.

Suna cikin akwatin matata marigayiya Sieni, ƙarƙashin kayan cocinta. Can ba mai taɓawa.

Ba wanda ya taɓa mutuwa a tabarmata. Yaron ma ai bai mutu ba.

Litinin, 14 ga Agusta, da safe

Na uku.

Litinin, bayan ƙararrawar addu'a

Tiyata ta uku nake nufi. Fuatino ta kira wayar maƙwabta, ba tawa ba.

Iakopo ya zo muka saki asabari saboda ruwan sama. Ya daɗe yana tsotsar taba bai kunna ba. Can ya ce, "An ce yaron ya ce shi ya nace." Na ce haka aka ce. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ni kurma ne." Na ce dama. Ya ce, "Talatonu, hannuna ne a kan fatar nan. Kamar na dafa murfin tukunya. Karkarwa yake yi har na kasa riƙe shi." Na ce kowa na karkarwa a rana ta shida. Ya ce, "Kowa na cewa a huta?" Na ce ya fita mini daga gida. Ya ce ana ruwa. Muka zauna har ruwan ya ɗauke. Da zai tafi ya ce, "Ni ma ban ce komai ba ranar, kada ka ɗauka kai kaɗai ne ba ka barci."

Laraba, 16 ga Agusta, da yamma, a Apia

Ya farka. Sun sa mini riga da hula ta takarda da safar hannu da abin rufe baki suka bar ni minti biyar. Fuskarsa ta zama ƙarama kamar ta lokacin da yake bina bakin teku. Ya dube ni ya ce, "Tsoho, kai ne da safar hannu? A kira mai hoto." Muryar da ƙyar take fita. Na ce ya yi shiru. Ya ce, "Likitocin nan sun yi maka ɓarna fa. Sun kwashe rabin aikinka, ko izini ba su nema ba. Ka kai su gaban dattawan gari." Na ce zan kai su.

Na so in ce masa wani abu. Ya riga ni. Ya ce, "Ka bar ta yadda na faɗa. Mama ba za ta iya da abu biyu ba." Sai ya rufe ido.

Ɗakin yana wari. Na san warin. Na ji shi a gida ranar Juma'a na ce ganyen da na ɗaura masa ne.

Alhamis, 17 ga Agusta, da safe

Na je na sami Leitu na buɗe mata baki. Ta shafa, na yi kakari kamar kaza. Ta ce sai kwana biyu. Ta ba ni ƙwayoyi na kwana goma, ta ce in soma yau, kuma in shanye ko na ji sauƙi.

Ta tambaya tun yaushe. Na ce tun jana'izar da muka je ƙauyen Sieni ƙarshen wata, mutum talatin muka kwana a ɗaki ɗaya, yara na tari. Ta ce, "Ka yi tari a kansa?" Na ce a'a, ni ba na tari a kan aiki. Wannan gaskiya ne.

Alhamis, da yamma

Abin da ba ta tambaya ba. A rana ta uku ɗaurin babban mataji ya saki, tsufa ya kama zaren. Na sake ɗaure shi yadda ubana ke yi. Ana jiƙa zaren da yawu don ya kama, a naɗa, a ja ƙullin da haƙori, matajin yana jikin leɓe. Sannan na tsoma a tawada na ci gaba. Ya sake saki a rana ta huɗu. Da ta biyar.

Haka nake yi tun ina saurayi. Haka ubana. Wa ya taɓa cewa yawun mutum abin tsoro ne ga jikansa?

Manuele ya faɗa. Shekara shida da suka wuce, a tsakar gidana, ya faɗa.

Asabar, 19 ga Agusta, da tsakar rana

Tana nan a maƙogwarona. Leitu ta ce irin ta ce, amma ba za ta iya rantsuwa cewa daga ni ta fito ba, ƙwayar tana ko'ina a tsibiran nan, ko a fatar yaron kansa tana iya zama. Kirki take yi mini. Na gaya mata maganar zare. Ta ajiye biro. Ta ce, "Na gode da ka faɗa, Baba."

Sannan ta ce maganin ya kashe ƙwayar, amma naman da ya mutu ya yi yawa, jini ba ya sauka ƙasa, yatsun sun yi baƙi. Za su jira zuwa Litinin. Na ce da an kawo shi da wuri fa? Ta ce, "Da wuri kamar yaushe?" Na ce kamar Alhamis. Ta ce wannan cuta da awa take tafiya, ba da kwana ba. Ba ta ƙara ba, ni ma ban nema ba.

Lahadi, 20 ga Agusta, da yamma

Ban je coci ba. Ga yadda ta kasance.

Daren Larabar da ta gabaci tafiya da shi asibiti ya yi zazzaɓi. Da safe ya fito yana jan ƙafa, ya kwanta a tabarma ya ce, "Tsoho, mu huta yau. Zafin nan ba irin na jiya ba ne, daga can ciki yake." Na duba, ɗan ja ne kawai sama da gwiwa, bai kai tafin hannu ba. Mutane sun taru a waje suna kallo, wasu har daga gidan Manuele, sun zo su ga ko tsohon zai iya. Su nake kallo, ba shi ba. Na ɗaga murya don su ji. Na ce, "Mu huta? Kana so a riƙa nuna ka a gari ana cewa ga mai guntun pe'a? Ka je wanka da riga har ka mutu? A zuriyarmu ba a taɓa yi ba. In ba za ka iya ba, tashi ka ɗaura zanin uwarka."

Ya juya fuska ya ciji tawul. Awa huɗu na buga, a kan jan, da gefensa.

Ranar Juma'a yana kuka, ƙato, na ce a kai shi teku a matse masa, haka ake yi. Fuatino ta ce asibiti. Na ce in ya fita daga gidan nan kafin a gama, kada ya dawo. Ita ta aika wa Manuele a ɓoye, sai yanzu na gane.

Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Litinin, 21 ga Agusta, da hantsi

Sun kawo takardar yanke ƙafar. Sanele ya sa hannu da kansa. Ya ce wa nas ta gaya wa likitoci su duba da kyau, ta hagu ce, kada su ɗauke mai lafiyar.

Da suka tura shi ciki na ce wa Fuatino ta zauna. Na gaya mata, da zaren, da Alhamis, da zanin uwarsa, ban rage ba. Yaron ya ce in bari. Ban bari ba, ban sani ba ko don ita na yi ko don kaina. Ta saurara tana murza bakin rigarta. Ta ce, "Da wani ne ya ce masa haka da ya tashi ya tafi." Can ta ce, "Da wani ne da ni ma ban tsaya kwana biyu ba." Ta ɗauki kwalinta ta koma ƙarshen baranda.

Awa uku muna zaune, ita can, ni nan.

Litinin, da yamma

Daga saman cinya. Yana numfashi da kansa.

Talata, 22 ga Agusta, da safe

Ba ta yi mini magana ba.

Laraba, 23 ga Agusta, da yamma, a gida

Da sassafe ta zo da kula, shuɗiya, irin ta masu kifi, an naɗe murfin da salatif. Ta roƙi asibiti su ba mu ƙafar, don ba ma barin namu a hannun baƙi a ƙone. Sun yarda, da sharaɗin ba za a buɗe ledar ciki ba kuma a haƙa da zurfi. Ta ajiye a gabana. Ta ce, "Kai ka zana ta. Kai ta gida, ka sa ta kusa da Mama." Iyakar maganarta ke nan.

Ta fi nauyin da na zata. A jirgi na zauna ƙasa na sa ta tsakanin ƙafafuna. Wani mai ɗaukar kaya da ya san ni ya ce, "Tsoho, kifi ne? A ɗan yanko mana mana, kada ka yi rowa." Na ce ba na rabawa ba ne. Ya ce, "Kai dai ba ka canza ba." Awa ɗaya da 'yan mintoci ƙanƙara na motsi a ciki duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga mu.

Manuele na jira a tashar jirgi. Ban kira shi ba. Na shiga bayan motar da kular, bai ce in dawo gaba ba. A gida ya ɗauko shebur, na karɓe. Ƙasar gefen kabarin Sieni duk dutse ne. Na haƙa har gwiwata na kasa, ya shiga ya ƙarasa, Iakopo na kwashe duwatsu. Ba wanda ya yi wa wani ba'a.

Na ce su ba ni wuri zan naɗe ta a zanin ɓawon itace. Suka koma bayan gida. Na yanke salatif ɗin. Ledar ciki mai kauri ce, ana gani ta cikinta. Ban buɗe ba, na cika alkawari. Gaban cinyar ba abin da ya rage, ba zan rubuta shi ba. Amma ta baya, daga inda suka yanke zuwa lanƙwasar gwiwa, fatar tana nan lafiya.

Ya kamata in naɗe in yi addu'a. Sai na ga na juya ta wajen haske. Layi goma sha ɗaya, ba wanda ya karkace, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa, baƙin ya zauna sosai. Tun ina da shekara talatin hannuna bai yi irin wannan ba.

Na ji daɗi. Na ɗan lokaci ne, bai kai numfashi biyu ba, amma na ji. Allah ya gani.

Sannan na kira su muka rufe.